Abin Da Ke Tsakanin Hoto Da Hoto

Ya ku 'ya'yana da ƙannena masu sha'awar sana'ar zamani, dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani al'amari ne ƙarami da ya faru a ƙofar gidana, wanda da farko ya ba ni dariya, daga baya kuma ya bar ni da tunani na kwanaki. Wani yaro ne ɗan maƙwabcina, mai hankali da ladabi, mahaifinsa ya fara gina gida a bayan gari, shi kuwa yaron ya ɗaura wa kansa niyyar cewa kullum da safe, kafin ya wuce makaranta, zai tsaya a gindin wata darbejiya da ke fuskantar filin ya ɗauki hoto guda da wayarsa, tun daga ranar da aka haƙa harsashi har ranar da aka buga kwano. Ya kuwa cika alkawarinsa, wata bakwai cur, har ya tara hoto 210. Da ya kwashe su ya zuba a kwamfutar yayansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa musu lamba da hannunsa, 1, 2, 3, har zuwa ƙarshe, sa'an nan ya miƙa su ga wata manhaja domin ta haɗa masa su su zama bidiyo, sai abin da ya fito ya zama abin al'ajabi: ga harsashi, kafin ƙiftawar ido ga gini ya kai linta, sai kuma ya rushe ya koma harsashi, sai ya sake tashi, kamar dai aljanu ne suke gini da rana suna warwarewa da dare. Ya zo mini ransa a ɓace, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, wannan manhaja ba ta da kyau. Don Allah wacce ce ta fi kyau?"

Wannan tambaya tasa ita ce tambayar da kusan kowane ɗayanku yake yi, kuma ita ce nake so in jinkirta amsarta har mu fara fahimtar asalin abin, domin malamanmu sun koya mana cewa wanda ya riƙe usulu ba ya ɓata a cikin furu'a, wanda kuwa ya haddace furu'a bai san tushensu ba, da zarar an sauya masa mas'ala kaɗan sai ya tsaya yana zare ido.

Asalin kuwa shi ne, babu motsi ko kaɗan a cikin bidiyo. Duk fim ɗin da kuka taɓa kallo, na Kano ne ko na Indiya ko na Amurka, hotuna ne tsayayyu, kowanne a daskare kamar wanda aka manna a bango, ana nuna su ɗaya bayan ɗaya da irin saurin da ido ba zai iya rarrabe su ba, sai ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da ke tsakaninsu da kanta, ta ce wa mai ita ta ga mutum yana tafiya. Kun san wannan tun kuna yara ba tare da kun san kun sani ba, domin babu wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace face ya taɓa zaro bakin wuta daga murhu da dare ya wulwula shi, ya ga da'irar wuta cikakkiya a cikin iska, alhali kuwa garwashin guda ɗaya ne, kuma a kowane lokaci wuri ɗaya yake. Hasan Ibnul Haisam, masanin da aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tattauna irin wannan a cikin Kitabul Manazir, inda ya kafa hujja da abin wasan yara mai juyawa wanda aka shafa wa launuka daban-daban, wanda idan ya ɗauki gudu sai launukan su narke su koma launi guda, ya nuna da haka cewa ido yana bukatar lokaci kafin ya tantance abin da ke gabansa. Wannan rauni na idon ɗan Adam, wanda Mahalicci ya sanya cikin hikimarSa, a kansa aka gina sana'ar fim gaba ɗayanta.

Abin mamaki, mutumin da ya buɗe wannan ƙofa bai fito neman motsi ba, tsayar da shi ya fito yi. Wani attajiri ne mai suna Leland Stanford, tsohon gwamnan Kalifoniya kuma mai hannu a harkar jirgin ƙasa, mai son dawaki ƙwarai, ya so ya san ko akwai lokacin da doki mai gudu yake ɗauke ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa, tambayar da na tabbata duk wanda ya taɓa tsayawa kallon sukuwa ranar hawan salla zai yarda cewa ido kaɗai ba ya iya yanke hukunci a kanta. Ya ɗauki wani mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, Eadweard Muybridge, wanda a shekara ta 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, ya jera kyamara 12 a gefen hanyar tsere, ya shirya su yadda kowacce za ta ɗauki hotonta daidai lokacin da dokin ya gifta ta gabanta. Hotunan suka tabbatar da cewa lalle doki yana rabuwa da ƙasa gaba ɗaya, amma fa a lokacin da ya tattare ƙafafunsa a ƙarƙashin cikinsa, saɓanin yadda masu zane suka shekara ɗaruruwa suna zana shi da ƙafafu a miƙe gaba da baya. Bayan haka ne Muybridge ya ƙera na'urar da ke juya irin waɗannan siffofi da sauri tana haska su a bango, sai jama'a suka ga dokin da aka yanka gudunsa gunduwa-gunduwa ya sake haɗuwa yana sukuwa. Ku lura da wannan tartibi, domin har gobe shi ne: a fara yanka lokaci ƙanana-ƙanana, sa'an nan a ɗinke shi.

Shekara 17 bayan wannan, ranar 28 ga Disamba, 1895, 'yan'uwa biyu Faransawa, Auguste da Louis Lumière, suka nuna fim ga jama'a masu biyan kuɗi a birnin Paris, na'urarsu tana tafiya da misalin hoto 16 a kowace daƙiƙa, da hannu ake juya ta. Da aka zo aka haɗa fim da murya a ƙarshen shekarun 1920, sai ya zama tilas a tsayar da gudu guda, domin murya ba ta jure sauri da jinkiri irin na hannun mutum, aka daidaita a kan hoto 24. Talabijin ta zo da nata lissafin bisa ga yanayin wutar lantarkin kowace ƙasa, Turai da ƙasashenmu suka tsaya a kan 25, Amurka a kan kusan 30. Majigin da iyayenmu suka riƙa kallo a dandali zamanin Turawa, da bidiyon da ke yawo a wayoyinku yau, duk a kan wannan ƙa'ida suke.

To, idan wannan ya zauna a zukatanku, za ku ga cewa farkon abin da mai haɗa hotuna yake bukata shi ne hisabi, irin wanda aka koya muku a firamare kuka raina. Minti ɗaya na fim a gudun 24 yana cin hoto 1,440. Masu zanen katun sukan rage wa kansu wahala su nuna kowane zane sau biyu, watau zane 12 a daƙiƙa, duk da haka minti ɗaya zane 720 ne. Wanda yake so ya nuna yadda hadari yake haɗuwa a gabas da yammacin damina, idan ya ɗauki hoto guda kowace daƙiƙa 5 har tsawon sa'a ɗaya, zai tashi da hoto 720, waɗanda za su ba shi rabin minti kacal a gudun 24. Wanda kuwa hotunan biki 60 yake son jerawa, kowanne ya tsaya daƙiƙa 4, zai sami minti 4, kuma abin da manhajar take yi a ɓoye shi ne maimaita kowane hoto sau 96 a gudun 24. Na sha ganin saurayi ya ɓata yini guda yana ɗaukar hoto 40 na wani abu mai motsi, yana zaton ya yi abin kirki, da aka haɗa sai ga shi bai kai daƙiƙa biyu ba, ya koma yana zagin waya. Da ya zauna da takarda da fensir minti biyar kafin ya fara, da bai wahalar da kansa ba.

Ciwon yaron maƙwabcina kuwa, maganinsa bai wuce sifiri ba. Manhajoji da yawa suna jera sunayen fayil kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus, harafi bayan harafi, saboda haka a wurinsu 10 da 100 da 101 duk suna gaban 2, tun da da 1 suka fara. Muka zauna ni da shi muka mayar da sunayen 001, 002, 003, har 210, ginin ya tashi daga ƙasa zuwa sama yadda magina suka yi shi, da manhajar nan dai da ya gama kushewa.

Tun da kun matsa sai na ambaci sunan manhaja, bari in ambaci wadda na fi girmamawa, ko da yake ita ce mafi ƙarancin ado. Sunanta FFmpeg, wani Bafaranshe masanin kwamfuta mai suna Fabrice Bellard ya fara rubuta ta a shekara ta 2000, sa'an nan mutane masu yawa daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da gina ta, kyauta, kuma asirinta a buɗe yake ga duk mai son ya karanta ko ya gyara, wanda a ganina ya yi kama da waƙafin rijiya a bakin hanya. Ba ta da maɓallai masu launi, ba ta da furanni da taurari. Layi guda za ka rubuta mata na umarni, ka gaya mata hoto nawa kake so a daƙiƙa, da yadda sunayen hotunanka suke, da sunan da za ta sa wa bidiyon, ta yi aikinta ta yi shiru. Da yawa daga manhajojin kallo da na tace bidiyo da kuke yabo, idan aka buɗe cikinsu, ita ce ke jan kaya a ƙarƙashi, kamar jakin da ke ɗauke da kayan fatake ana yaba wa madugu. Har na'urar da Amurkawa suka saukar a duniyar Mars, wadda malaman falaki ke kira Mirrihu, a watan Fabrairu na 2021, da ita aka matse hotunan saukarta kafin a aiko su duniya. Ba na cewa kowa sai ya koye ta, amma wanda ya daure ya yi mako guda da ita zai fahimci abin da sauran suke ɓoye masa a bayan maɓalli, daga nan kuwa babu wadda za ta gagare shi, CapCut ce ko InShot ko KineMaster a waya, Shotcut ce ko Kdenlive ko Blender a kwamfuta.

Akwai wata hikima a cikin wannan matsewa da ya kamata ku sani, domin tana da tasiri a kan yadda za ku riƙe kyamara. Hoto guda mai faɗin ɗigo 1,920 da tsawon ɗigo 1,080 yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan biyu, idan aka ajiye shi ɗanye zai ci misalin megabait 6, minti ɗaya na irinsa kuwa zai kai kusan gigabait 9, abin da babu datar da za ta ɗauka. Dabarar da masana suka yi ita ce, a ajiye hoto guda cikakke, sa'an nan a hotunan da ke biye a rubuta abin da ya sauya kaɗai, kamar magatakardan da ba ya sake kwafe littafi duka saboda an gyara kalma ɗaya, sai ya rubuta gyaran a hashiya. Saboda haka idan kyamararka a kafe take, bango da ƙasa da itatuwa ba su motsa ba, bidiyonka zai fito da tsabta da sauƙin nauyi; idan kuwa hannunka yana rawa, kowane ɗigo ya bar wurinsa, sai nauyi ya ƙaru, kyau ya ragu, mai kallo kuma ya ji jiri.

Ni kaina na sha wannan darasi da ɗaci. Na taɓa shuka zogale a tukunya a tsakar gida na ce zan nuna girmansa, na riƙa ɗaukarsa kullum har kwana 60, amma yau da hantsi, gobe da la'asar, jibi bayan an yi ruwa, wani lokaci a tsaye, wani lokaci a tsugune. Da na haɗa, haske yana ƙyaftawa kamar walƙiya, tukunyar tana tsalle daga kusurwa zuwa kusurwa, girman zogalen da na wahala dominsa ya ɓace a cikin hargitsi. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa. Abin da ya kamata in yi shi ne in kafa wa wayar mazauni wanda ba ya gusawa, ko da bulo biyu ne da alamar alli, in tsayar da sa'a guda ta yini, in hana kyamarar sauya haskenta da kanta. Yaron nan ya fi ni basira a nan, domin darbejiyar da ya jingina da ita kullum ita ta zame masa ma'auni.

Kada kuma ku ɗora dukan amanarku a kan manhaja guda, domin su ma suna mutuwa. Windows Movie Maker, wadda ta fito a 2000, wadda da ita dubban mutane suka fara koyon jera hotunan biki da na suna, kamfaninta ya janye ta a farkon 2017. Wanda ya adana hotunansa na asali, a cikin jaka mai suna da kwanan wata, a wuri biyu ko uku, bai yi asarar komai ba. Wanda ya goge su saboda yana ganin ai ga bidiyo ya haɗa, ya zauna da abu guda wanda ba ya warwaruwa. Haka nan hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an tatse shi, kada ku gina aiki a kansa matuƙar kuna iya samun na asali. Kuma ku yanke shawara tun farko ko a tsaye za ku ɗauka ko a kwance, don kada manhaja ta yanke kan amarya ko ta cika gefe da baƙi.

Yanzu bari in ba ku labarin mutum biyu waɗanda suka fara aikinsu babu ko ɗaya daga waɗannan kayan alatu, don ku auna kanku da su. Ta farko wata Bajamushiya ce, Lotte Reiniger, wadda daga 1923 zuwa 1926 ta zauna da almakashi da baƙin kwali tana yanka siffofin mutane da dawaki da aljanu, tana haɗa gaɓoɓinsu da zare na ƙarfe, tana shimfiɗa su a kan gilashi mai haske daga ƙasa, ta gusar da hannu ɗan kaɗan a ɗauki hoto, ta sake gusarwa a sake ɗauka, har ta kammala fim mai tsawon kusan sa'a guda a kan labarin wani yarima Ahmad da ta tsamo daga hikayoyin Dare Dubu Da Ɗaya, kuma shi ne dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya wanzu har yau. Ku ɗauki lissafin da muka yi a baya ku buga, ku ga sau nawa hannun matar nan ya sauka a kan gilashin.

Na biyu kuwa namu ne, ɗan Nijar, Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya fara rayuwarsa a matsayin makanike, sa'an nan ya koyi aikin fim a Yamai tare da wani mai shirya fim, Jean Rouch, ya tafi Kanada ya ƙaro ilmi a wurin Norman McLaren, gwanin wannan fanni. A 1966, lokacin da ƙasashenmu ba su daɗe da samun mulkin kai ba, ya fitar da ɗan gajeren fim mai suna Bon Voyage Sim, wanda a cikinsa ya zana ƙasar kwaɗi da shugabanta yana tafiya ziyarar aiki da faretin sojoji da dukan taƙamar mulki, zambo mai kaifi wanda aka yi da layukan tawada marasa ado. Daga baya ya yi wani da 'yan tsana da ya ƙera da hannunsa, ya sa masa suna Kokoa, watau kokawar nan tamu ta gargajiya, dabbobi ne 'yan kokawar da 'yan kallon. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa yana aikinsa, ya rasu a Wagadugu a 2015. Abin da nake so ku gani a rayuwar wannan bawan Allah shi ne, kayan aikin da ke aljihun kowane ɗayanku yau ya fi duk abin da ya mallaka a 1966 nesa ba kusa ba, amma shi ya san abin da yake so ya faɗa, ya kuma yarda ya zauna ya zana kwaɗo sau ɗari yana ɗaga ƙafa. Sau da yawa idan na kalli abin da samarinmu suke fitarwa, hoto yana juyawa yana wargajewa yana tartsatsin taurari, kowane hoto da irin shigowarsa, sai in ga ado ya yi yawa har ya rufe amarya. Mas'alar hukuncin zanen mai rai kuwa na bar wa ma'abota fatawa, kowa ya tambayi malaminsa. Ni a kan sana'a da amanarta nake magana.

Amanar kuwa ita ce mafi nauyi a cikin abin da zan faɗa. Tun da mun yarda cewa ƙwaƙwalwar mai kallo ita ke cike giɓin da ke tsakanin hoto da hoto, to, ku sani ba motsi kaɗai take cikewa ba, har ma'ana tana cikewa. Wani malamin fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada wannan wajen shekara ɗari da suka wuce: ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, sa'an nan da akwatin gawa, sa'an nan da wata mace, masu kallo suka riƙa ganin yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ko gira ba ta ɗaga ba. Ma'anar wannan ita ce, mutum yana iya yin ƙarya tsagwaronta da hotuna waɗanda kowannensu gaskiya ne. Ka sa hoton wani dattijo yana dariya a wurin walima, ka biyo shi da hoton gobarar kasuwa, ba ka furta kalma ɗaya ba, amma ka yi masa ƙazafi, kuma dubu za su tura wa dubu kafin azahar. Ka ɗauki hoton ambaliyar wata ƙasa ta shekarun baya ka cusa a tsakiyar hotunan garinku na bana, ka sa waƙa mai sosa zuciya, ka ci amanar duk wanda ya zubar da hawaye ko ya aika da sadaka. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma sun yi gaskiya a zamanin da ido yake ganin abu da kansa. Amma abin da ya biyo ta hannun mai jerawa ya riga ya zama riwaya, hukuncinsa hukuncin ji ne, ana tambayar isnadinsa kamar yadda malaman hadisi suke tambaya: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, wa ya jera, me ya cire? Ku da kuke jerawa ku ne maruwaita, kuma ba a karɓar riwaya sai daga adali mai kiyayewa.

Al'amarin ya ƙara tsanani a 'yan shekarun nan, domin an sami manhajojin da ba sa tsayawa ga jera abin da ka ba su, ƙirƙiro na tsakani suke yi da kansu, har ma su ɗauki hoto guda tilo su sa shi motsi. A farkon 2021 kamfanin MyHeritage ya fitar da wata mai suna Deep Nostalgia, wadda ke sa fuskar da ke tsohon hoto ta juya ta ƙifta ido ta yi murmushi, bayanta kuma wasu suka biyo waɗanda suke sa hoto ya yi magana. Na ga an yi wa hoton wata tsohuwa da ta rasu haka, jikokinta suna kuka suna sake kunnawa, ban kuwa iya zarginsu ba, domin kewa ba ta da linzami. Sai dai murmushin nan ba nata ba ne. Na'ura ce ta aro shi daga fuskokin wasu mutane ta liƙa mata, kuma ina tsoron ranar da ƙananan jikokin, waɗanda ba su riske ta ba, za su girma suna tuna kakarsu da murmushin aro. Idan har za ku yi irin wannan, to ku rubuta a jikinsa ɓaro-ɓaro cewa haɗi ne, kuma kada ku kuskura ku sa wa mamaci ko rayayye maganar da bai faɗa ba, malami ne ko sarki ko talaka, ko da da niyyar wasa, ko da maganar mai kyau ce.

Daga wannan babi ne kuma haƙƙin masu fuskokin yake. Hoton da aka ɗauka a cikin gida ranar kamu, mata suna cikin sakewarsu a tsakanin 'yan'uwa, an ba ka shi ne bisa yarda. Ranar da ka jera shi da kiɗa ka ɗora a inda duniya za ta gani, ka fitar da shi daga ɗakin da aka yarda ya zauna, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Neman izini bai fi minti ɗaya ba. Haka waƙar da kuke ɗorawa, ita ma da mai ita.

Shawarata ga wanda yake so ya fara gobe ita ce, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya kafa wayarsa a kan bulo, ya ajiye takalmi ƙafa biyu a gefe guda, ya riƙa gusar da su faɗin yatsa yana ɗauka har sau 120, sa'an nan ya haɗa su a gudun 12, ya ga takalma suna tafiya ba mai su har daƙiƙa 10. Daga nan ya sake haɗa su a gudun 6, ya sake a gudun 24, ya juya jerin daga ƙarshe zuwa farko, ya cire kowane hoto na uku ya ga abin da zai faru. Abin da zai koya a wannan yammaci guda ya fi abin da zai samu daga sauke manhaja goma.

Yaron maƙwabcina ya dawo bayan kwana biyu da bidiyonsa, daƙiƙa 17 da rabi a gudun 12, amma da wata sabuwar damuwa. A tsakiyar aikin akwai kwana 40 da ginin ya tsaya cik saboda kuɗin siminti sun yanke, watau sama da daƙiƙa uku babu abin da ke motsi a hoton sai ciyawa da ke tsirowa a kan tarin yashi, yana so ya cire su don kada mutane su gaji, ko su gane an taɓa shiga matsi. Na ce masa gidan ba nawa ba ne, ya je ya tambayi mai shi. Da magariba na hango su a kan dakali, uban ya riƙe wayar nesa da fuskarsa irin riƙon masu tabarau, ya kalla sau uku, da aka zo wurin ciyawar sai ya sa yatsa ya tsayar, ya ce, "Bar su yadda suke. A kwanakin nan ne mahaifiyarka ta sayar da shanunta biyu aka ci gaba."